Motsa jiki ga mai sankarar mama da ta bazu: yadda ake yin sa lafiya

Idan sankarar mama ta bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta, abin da 'yan'uwa ke fara cewa shi ne "ki kwanta ki huta". Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma gajiyar wannan ciwo ba irin wadda barci ke kawarwa ba ce. Yawan kwanciya na zaizaye tsoka, har tashi daga kan tabarma ya zama aiki.

Binciken PREFERABLE-EFFECT da aka wallafa a 2024 ya bibiyi marasa lafiya 357 a ƙasashen Turai biyar da Ostareliya. Rabinsu sun riƙa motsa jiki sau biyu a mako tsawon wata tara, galibi a gaban ƙwararre. Gajiyarsu ta ragu, haka ciwo da haki, idan aka kwatanta da sauran. Duk da haka motsa jiki ba ya maye gurbin magani, tare suke tafiya.

Kafin komai, ki tambayi likitanki: a wane ƙashi ciwon yake, kuma akwai haɗarin karaya? A kan amsar nan ake tsara sauran, domin ƙashin da sankara ta ci yana iya karyewa da nauyin da bai kai ya kawo ba. Idan a ƙashin baya ne ko ƙugu, ki bar daka, jan guga, ɗaukar ruwa a ka, goyo, da shara a sunkuye. Sunkuyo da kaya a hannu haɗe da murɗa jiki shi ya fi haɗari. Babur a hanya mai gargada ma jijjiga ce da ba kya bukata. In ruku'u da sujada na tayar da ciwon, ki yi salla a zaune. Inda akwai sashen fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ki nemi a tura ki.

Ki fara da tafiya minti biyar zuwa goma a shimfiɗaɗɗen wuri, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Ki riƙa ƙara minti biyu bayan 'yan kwanaki har ki kai minti 30, sau uku a mako. Numfashi ya ɗan ɗaga, amma kina iya hira.

Ƙarfafa tsoka sau biyu ne a mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya a tsakani. Jingina kujera mai ƙwari da bango, ki tashi ki zauna a hankali sau 8 zuwa 12, ki huta minti biyu, ki maimaita. Ga hannuwa, robar ruwa mai rabin lita rabin kilo ce, ta isa farawa. Kada ki riƙe numfashi, kada kuma ki ɗora nauyi kan gaɓar da ciwon ke ciki. Hannun da ya kumbura bayan tiyatar hammata ba a hana shi aiki. Sa masa safar matsewa, ki ƙara nauyi kaɗan-kaɗan.

Magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin sankara, irin su paclitaxel kan kashe jin tafin ƙafa, mutum ya yi tuntuɓe bai sani ba. Don haka takalmi mai rufe ƙafa za ki sa, ba silifa ba, kuma wani ya raka ki. Kwanakin da suka biyo bayan an yi miki kemo ki rage motsa jikin, ko zagayen tsakar gida ya wadatar. Idan gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa sosai, ki dakata sai likita ya ba da izini.

Ki tsaya nan take in kin ji jiri, ciwon ƙirji, ko sabon ciwo mai suka a ƙashi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 lokacin kemo na asibiti ne a ranar. Mafi gaggawa shi ne sabon ciwon baya tare da raunin ƙafafu, ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari: alama ce ta danne lakar da ke cikin ƙashin baya. Kada a tsaya tausa ko jiran wayewar gari, domin jinkirin sa'o'i na iya jawo shanyewar ƙafafu.