Ladabin Miƙa wa Wani Bindiga

Masu riƙe bindiga sukan gane mutum tun daga yadda yake miƙa ta. Ƙa'ida ta farko cikin ƙa'idoji huɗu na kiyaye haɗarin bindiga da Jeff Cooper, malamin harbi ɗan Amurka, ya yaɗa ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, ko da mai ita ya rantse babu komai a ciki.

Ka juya bakinta inda ba kowa, yatsanka nesa da kunama. Fara cire gidan harsashi (kwanson da ake jera harsasai a ciki), sannan ka ja murfin sama (ƙarfen da ke zamewa a saman ƙaramar bindiga) baya ka kulle shi a buɗe. Nan ne mutane ke yin kuskure: in ka ja murfin kafin ka cire gidan, ka fitar da harsashi ɗaya ka kuma ɗora wani a makwancinsa, wato inda harsashi ke zama kafin a harba, kana zaton ta zama fanko. Duba makwancin da ido, ka taɓa da ɗan yatsa, domin a duhu ido na yaudara.

Miƙa ta a buɗe. Mai karɓa ya sake dubawa da kansa, kuma wannan ba raini ba ne. Wanda ya ji haushin haka, kada a sake fita harbi da shi.