Yadda za ka nemo kalmomin Turanci masu amsa-amo

Ɗiyata ta dawo daga makaranta a nan Mabera da aikin gida: a kawo kalmomi biyar da ƙarshensu ya yi daidai da night. Ta rubuta eight a farko, wai ai duk "ght" ne. Na ce ta rufe littafin, ta faɗe su da baki. Ta faɗa sau biyu, ta yi shiru, ta ce, "Baba, ba su tafi tare ba." To, mataki na farko ke nan: da kunne ake wannan aiki, ido yaudara yake yi. Turanci haruffa 26 ne, amma sautukansa sun kai 44, shi ya sa though ke tafiya da go, cough kuma da off.

Mu Sakkwatawa ƙafiya, wato amsa-amo, ba baƙuwarmu ba ce. Waƙoƙin malaman jihadi da muka tashi muna ji a bakin iyayenmu mata, gaɓar ƙarshe ce ke riƙe su, baiti bayan baiti a kan "ya" ko "wa". Sai dai wannan sabon ne ke kayar da mu a Turanci. Can ba gaɓar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba, ana farawa ne daga wasalin da murya ta fi dannawa har zuwa ƙarshen kalma. Water da teacher ƙarshensu ɗaya, amma Bature ba zai karɓa ba. Abokiyar water ita ce daughter.

Ga yadda nake yi. Sai in cire baƙin farko, in riƙe sautin da ya rage, a night shi ne "ait", in bi haruffa ɗaya bayan ɗaya ina liƙa masa: bite cizo, fight faɗa, height tsayi, light haske, white fari. Duk wadda ta fito, in buɗe ƙamus in ga ma'anarta kafin in rubuta. Kada ka tsallake wannan. Kite, alal misali, shirwa ce, kuma ita ce takardar da yara ke saki a iska da zare. Right da write kuwa furucinsu ɗaya ne sak, ɗaya daidai ɗaya rubutawa, don haka haɗa su a baiti ba gwaninta ba ce.

Kula da tsawon wasali. Wanda ya san bambancin gari na mutane da garin tuwo bai kamata ya haɗa ship da sheep ba.

In kana da data, shafin RhymeZone zai zubo maka kalmomi tuli, ka latsa kowace ka ga ma'anarta. Amma lafazin Amurka yake bi, makarantunmu kuwa na Ingila suka fi bi, har a jarabawar furuci ta WAEC inda ake tambayar amsa-amo. A Ingila court da caught sauti ɗaya ne, a Amurka daban. Saboda haka nakan sake dubawa a ƙamus ɗin Oxford, in saurari muryar da ke furta kalmar.

Wata rana ta zo da orange. Muka bi haruffa tun bayan La'asar har aka kira Magariba, ba mu samu ko ɗaya ba, don cikin kalmomin yau da kullum ba ta da abokiya.