Darasi na Bakwai: Renon Ƴan Itatuwa a Ƙasar Laka

Galibin ƙasar Damagaram jigawa ce mai rairayi, amma masu renon itatuwa sukan kafa gandunsu a fadama ko a bakin tabki, kamar yadda ake gani a wajejen Mirya da Gidimuni, domin a nan ne ruwa yake kusa. Sai dai ƙasar irin waɗannan wurare sau da yawa laka ce mai nauyi, wadda take riƙe ruwa idan ta jiƙa, ta kuma ƙanƙare ta tsattsage idan ta bushe. Saiwar ƙaramin icce tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ruwa ya kwanta mata, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai gandu kuwa, da yake yana zaton ƙishirwa ce, sai ya ƙara ban ruwa. Wannan kuskuren ne ya fi kashe dashe a hannun sabon shiga, kuma abin takaici ne ƙwarai, tun da ƙwazon mutum ne yake jawo masa hasarar.

Kafin ka zaɓi wuri, ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa da maraice. Idan gari ya waye ruwan yana nan, to, wurin yana bukatar gyara. Ka tada kunya mai faɗin mita 1 da tudun santimita 20, ka ja lambatu a gefenta zuwa gangare, domin ruwan saman watan Agusta ya sami hanyar wucewa. Wurin da ka ga farin kanwa a samansa kuwa, ka bar shi gaba ɗaya.

Kada ka cika ledar da za ka shuka iri a cikinta da laka zalla. Ka haɗa kwano biyu na rairayi da kwano ɗaya na laka da kwano ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe, ka tankaɗe su tare, sannan ka huda ƙasan kowace leda. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Irin gawo da na bagaruwa suna da ɓawo mai tauri, saboda haka ana karce su kaɗan ko a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin shuka. Dattawanmu sun daɗe da lura cewa irin gawon da aka tsinto a turken awaki ya fi saurin tsirowa, domin cikin dabba ya riga ya tausasa ɓawon. Shi kuwa irin dogon yaro ba ya jure ajiya, sai a shuka shi da wuri bayan an tsince shi.

Wanda ya shuka a watan Afrilu zai sami dashen da ya isa fitarwa zuwa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa. A tsawon waɗannan watanni, ka riƙa ɗaga ledojin duk bayan mako biyu kana datse saiwar da ta leƙo, musamman ta gawo, wadda take saurin nutsawa. Idan ta kama lakar ƙasa, ranar da za ka cire ledar tsinkewa za ta yi, dashen kuma da wuya ya farfaɗo a gona.