Darasi na 9: Kyanwa Marar Lafiya a Unguwa

Kusan kowace unguwa tana da kyanwar da ba a san mai ita ba. Tana kwana a soro ko bayan shago, tana cin abin da ta tsinta a bola, tana rage mana ɓeraye. Ranar da ciwo ya kama ta, sai a gan ta kwance a gindin katanga, ƙudaje na bin ta, yara na jifa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Don haka tausayin wannan dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake yin taimakon, domin kyanwoyi da yawa suna mutuwa ne a hannun masu son su warke, ta hanyar maganin da aka ɗura musu.

Ku fara da kallo daga nesa

Kada ku kai hannu tukuna. Ku tsaya kamar taku biyar daga inda take, ku kore yara, ku dube ta na ɗan lokaci. Abu na farko da ake nema shi ne alamar ciwon haukan kare. Sunan ya sa mutane suna zaton kare kaɗai yake kamawa, alhali yana kama kyanwa, kuma tana iya sa wa mutum ta cizo, ko ta yakushi idan yawunta ya shiga raunin. Idan kun ga tana dalalar da yawu, tana kai cizo ga duk abin da ya gifta, tana tangaɗi, muryarta ta canza, ko ƙafafunta na baya sun shanye ba tare da wani rauni ba, to ku bar ta a inda take. Idan da hali, a kifa mata babban kwando daga nesa a ɗora dutse, sannan a kira ma'aikatan asibitin dabbobi. Shan guba ma yana kawo dalala da karkarwa, amma ba aikinku ba ne ku bambance su da hannu.

Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi tsawon yadda ake zato. Bayan haka a shafa aidin, a tafi asibiti a ranar, a faɗa wa likita cewa kyanwa ce marar lafiya. Kada a sa toka, barkono, ƙasa ko man birki a raunin. Allurar rigakafin da ake yi wa mutum ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Muna nanata wannan ne saboda da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kyanwar da ta yi cizon kuwa, idan an samu tsare ta, ana sa mata ido kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

A tambayi mai ita

Idan babu waɗannan alamu, sai a bincika ko tana da gida. Sau da yawa masu ita suna nan kusa, ba su lura ba ne, ko ba su da kuɗin magani, ko sun kore ta don tsoron kada ta sa wa yara cuta. Zargi ba ya gyara irin wannan. A yi sallama, a gaisa, a ce: "Hajiya, na ga kyanwar nan da ke shiga gidanku kamar ba ta jin daɗi. Ko za ku ba ni izini in kai ta a duba?" Da wuya a ƙi. Idan mai ita ya tsare ta ba ci ba sha kuma ya ƙi jin magana, a kai zancen wurin mai unguwa ko liman, su yi masa nasiha. Kada a shiga gidan mutum a ɗauko dabba ba da saninsa ba.

Yadda ake ɗaukar ta

Kyanwar da ke jin ciwo tana cizon ko da wanda ta saba da shi. Ku tanadi kwali mai ƙarfi, ku huda masa ƙofofin iska kamar 10 masu faɗin yatsa, ku shimfiɗa tsumma a ciki. Ku sa riga mai dogon hannu da safar hannu mai kauri. Ku matso a hankali ta gefe, ba tare da kun zura mata ido ba, ku lulluɓe ta da tawul ko tsohon bargo har kai, ku naɗe ƙafafun a ciki, ku ɗaga ta gaba ɗaya hannu ɗaya yana tallafe da ƙugunta. Duhu yana kwantar mata da hankali. Ba a ɗaga babbar kyanwa ta fatar ƙeya kaɗai, ba a jan ta ta wutsiya, ba a kuma ɗaura mata igiya a wuya. Buhun leda da aka ɗaure bakinsa yana iya kashe ta da zafi kafin a isa asibiti, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.

Wadda ta ƙi kamuwa, kada a bi ta da gudu. A riƙa ajiye mata abinci da ruwa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum ana matso da kwanon kusa da kwalin, har ta saba ci a cikinsa.

Alamun da ba sa jira

Akwai halin da zaman gida ba zai yi ba, sai asibiti a ranar. Kyanwa ba ta haki da baki buɗe kamar kare. Idan tana yi, numfashinta ya shiga matsala. Lafiyayya tana numfashi sau 20 zuwa 30 a minti ɗaya idan tana hutawa, kuma ana iya ƙirgawa ta kallon haƙarƙarinta. A ɗaga leɓenta a dubi dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai damshi. Idan ya yi fari, jininta ya ragu sosai ko tana zubar da shi a ciki, kamar yadda wasu magungunan ɓera suke sawa. Idan ya yi rawaya, sau da yawa hanta ce. Haka nan karaya, farfaɗiya, amai babu tsayawa, da gyambon da ya yi tsutsa.

Muzuru yana da nasa haɗarin. Idan yana yawan tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsari bai fita ba ko ɗigo kawai, mafitsararsa ta toshe. Mutane suna ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, su ba shi man ja su jira. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai iya mutuwa, kuma likita ne kaɗai ke iya buɗe hanyar.

A Najeriya akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma ma'aikatan dabbobi a ƙananan hukumomi da dama. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. A tambayi kuɗin kati da na magani tun da farko. Idan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gidaje uku ko huɗu da kyanwar ke yi wa farautar ɓera su haɗa.

Jinya a gida

A ajiye ta a ɗaki ko lungu mai inuwa da iska, nesa da kicin, nesa da yara da sauran kyanwoyi. A sa mata tsohon faranti mai zurfi cike da yashi don kashi da fitsari, a riƙa zubarwa kullum. Da hunturu, a cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda za ta iya matsawa idan zafin ya ishe ta.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. A kama fatar da ke tsakanin kafaɗunta a ɗaga a saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta tsaya a tsaye ko ta koma a hankali, jikinta ya bushe. Kyanwa mai nauyin kilo 3 tana buƙatar ruwa kamar mililita 150 a yini, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya wata. Idan ba ta sha da kanta, a cire wa sirinji allura, a riƙa zuba mililita 2 ko 3 ta gefen baki, a dakata ta haɗiye kafin a ƙara. Kada a ɗaga kanta sama a tsiyaya, ruwan zai bi hanyar huhu. Wadda ba ta cikin hayyacinta ba a ba ta komai ta baki.

Abincinta nama ne. A dafa kaza ko kifi da ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu yaji, a cire ƙashi da ƙaya tsaf, a marmasa. Dafaffen ƙwai ma yana yi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, shi ya sa ragowar miya bai dace ba. Madara da nono kuwa, ko da yake kowa ya san kyanwa tana son su, yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da su, sai gudawa ta biyo baya ta ƙara busar da jikin. Wadda ta daɗe da yunwa ba a cika mata kwano. Babban cokali ɗaya duk bayan awa 3 ko 4 ya isa a kwana biyun farko, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ta kwana 2 ba ta taɓa abinci ba, a kai ta asibiti, domin doguwar yunwa tana taɓa hantar kyanwa da wuri.

Ciwon da aka fi gani shi ne mura: atishawa, majina, da kwantsa da ke liƙe ido. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A jiƙa auduga a goge idon daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sau 3 ko 4 a yini, a goge hancin ma. Kyanwar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙamshi, kuma abin da ba ta sansana ba ba za ta ci ba. A ɗan ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi. Wannan ruwan gishirin shi ne kuma na wanke ƙaramin rauni. Kumburi mai zafi a kumatu ko gindin wutsiya yawanci cizon faɗa ne da ya tara mugunya. A gasa shi da tsumma mai ɗumi, a bar wa likita tsagawa.

Abubuwan da ke kashe ta da sunan magani

Farasitamol guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya, ko ma ɓarinta, tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Na ruwa da ake ba jarirai ma haka yake. Ibufurofen, asfirin da sauran magungunan ciwon jiki suna ɓata mata ciki da ƙoda. Kada a fasa kafso a barbaɗa mata a abinci.

Na biyu shi ne abin da ake shafawa. Duk abin da ya taɓa gashin kyanwa, cikinta zai shiga, saboda da harshe take wanka. Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya, Sniper da maganin feshin gona duk suna kashewa. Dettol da Izal ma ba a wanke ta da su, ba a kuma goge wurin kwananta da su. Maganin kaska na karnuka da na shanu sau da yawa yana ɗauke da sinadarin da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Idan wani ya riga ya shafa mata ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, a tsane ta sosai, a tafi asibiti da kwalbar abin. Ƙuma, ƙazuwa da tsutsar ciki duk suna da magani mai sauƙin kuɗi, amma likita ne zai auna nauyinta ya faɗi adadin.

Ku kare gidanku

A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa. Idan gashinta ya zube a zagaye kamar kwabo, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda akwai ƙwayar cuta a cikinsa da kan cutar da ɗan tayi. Kwanonta ya zama nata ita kaɗai.

Idan 'ya'yan kyanwa aka tarar babu uwarsu, a jira awa 3 ko 4 daga nesa, domin uwar takan tafi neman abinci ta dawo. Idan ba ta dawo ba, a fara ɗumama su kafin a ba su komai, don ɗan kyanwar da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abinci. Ana shayar da su duk bayan awa 2 zuwa 3, suna kwance a kan ciki, ba rigingine ba, da madarar da likitan dabbobi ya nuna. Bayan kowane sha a shafa musu ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi, in ba haka ba ba za su yi fitsari ba.

Bayan ta warke, ko idan ta mutu

Wadda ta murmure a yi mata allurar rigakafin haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. A tambaye shi kuma batun tiyatar hana haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma mako 9 ne kawai, don haka takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara, kuma daga nan ake samun yawancin waɗanda ke kwance a bola. A samu gida ɗaya da zai ɗauki nauyin ruwanta da abincinta, kada a kai ta bayan gari a yar.

Idan ta mutu, kada a jefa ta a kwata ko a bola. A sa safar hannu, a haƙa rami mai zurfin mita 1 nesa da rijiya, a binne, a danne da duwatsu don kada karnuka su tone. Amma idan ta ciji wani kafin ta mutu, ko ta nuna alamun hauka, kada a binne sai an sanar da likitan dabbobi. Ƙwaƙwalwarta ake gwadawa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana wannan gwaji. Wanda aka ciza ya ci gaba da karɓar allurarsa, kada ya tsaya jiran sakamako.