Yadda ake kiwon tsofaffin leyas a gida don samun ƙwai

Gidan gona kan sallami kajin ƙwai, wato leyas, idan sun kai wajen mako 72 zuwa 80, lokacin da ƙwansu ya daina biyan kuɗin abincinsu. A wajenmu kasuwa ake kai su a yanka. A Ingila kuwa akwai ƙungiyar British Hen Welfare Trust, wadda tun 2005 take karɓo irin waɗannan kaji tana damƙa wa masu ɗan fili a bayan gida. Amfaninsu gare ka shi ne: kazar da ta gaza a lissafin ɗan kasuwa tana iya yi maka ƙwai uku ko huɗu a mako.

Kafin ka je saye, haɗa akurki mai inuwa da iska, ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko garin katako. Toshe duk wata kafa da muzuru zai bi.

A wurin zaɓe kada rashin gashi ya tsorata ka, zaman keji ne ya tsige shi, kuma zai tsiro. Abin gudu shi ne majina, kumburin ido, koren kashi, ko kazar da ta takure tana gyangyaɗi. Fara da uku zuwa biyar.

Nan ne ake buƙatar haƙuri. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙasa ba. Ƙafafunsu ba ƙwari, faratansu sun yi zaƙo-zaƙo, zankonsu ya koɗe. Wata za ta yini a tsaye wuri guda kamar baƙuwa a gidan biki. Rufe su a akurki kwana biyu ko uku su san makwanci, sannan ka riƙa buɗe musu da yamma. Sandar kwana kada ta yi tsayi, domin tsalle ɗaya kan iya karya musu ƙashi. Idan da kajin Hausa a gidan, raba su aƙalla mako biyu, ka kuma nemi malamin dabbobi kan Lasota, rigakafin cutar kaji da ake kira Newcastle. Ranar haɗawa za a yi sare-sare, sai ka ajiye mazubin abinci biyu nesa da juna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa musu dawa da dusa a ce an gama. Ƙwai zai tsaya cak. Ci gaba da ba su abincin leyas da suka saba, gram 110 zuwa 120 ga kowace kaza a rana, cikin mazubi mai zurfi, tunda an datse musu baki tun suna 'yan tsaki, tsintar ƙwaya a ƙasa na ba su wuya. Ɓawon ƙwan tsohuwar kaza sirara yake yi, don haka busar da ɓawon da kuka fasa, daka shi lukui, zuba musu a gefe. Ganyen zogale ƙari ne. Ruwa kuwa kada ya yanke, musamman a Maris da Afrilu.

Sai ka tara musu yashi da toka a busasshen wuri su yi birgima, maganin ƙwarƙwata ke nan. A lungu mai duhu ajiye kwando da ciyawa. Da farko ko'ina za su yar da ƙwan, amma ka bar guda ɗaya a kwandon, za su gane. In sun daina yi na 'yan makonni yayin da sabon gashi ke fitowa, bar wuƙa a kube, ƙarfin ne ya tafi can.