Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya Mai Zafi Ba Tare da An Kai wa Gona Guba Ba

Ƙasar noma a yankuna masu zafi ba ta daɗewa da albarkarta. Rana da danshin damina suna sa ganye da kara su ruɓe su ƙare cikin 'yan watanni, ruwan sama mai ƙarfi kuma ya wanke abin da ya rage zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Irin yumɓun da ya fi yawa a waɗannan wurare ba shi da ƙarfin riƙe abincin shuka, shi ya sa manomi zai zuba takin zamani a jigawa, yabanya ta yi kore shar na ɗan lokaci, sannan ta koma ɗorawa. Abin da ke riƙe taki da laima a irin wannan ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, kuma a gonaki da yawa da aka daɗe ana nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Haɗa taki a tsibi ko a rami ita ce hanyar mayar da shi.

Masu farawa sukan ɗauka aikin bai wuce a tara shara wuri ɗaya a jira ba. Bayan wata uku sai su buɗe su tarar karan yana nan a bushe, gara ta cinye cikinsa, ko kuma komai ya zama baƙin caɓi mai wari. Duka biyun matsalar ruwa ce, kuma a kanta za a fi tsayawa, amma kafin a kai can sai an tantance kayan da za su shiga.

Takin bola yana jan hankali saboda baƙi ne wuluk, ga arha. Sai dai bolar gari ba toka da shara kaɗai ke cikinta ba. Akwai matattun batura, gwangwanin fenti, baƙin mai, leda da ƙonannun wayoyin lantarki, kuma daga waɗannan ne ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam suke shiga ƙasa. Zafin tsibi yana kashe ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa, amma ba ya yi wa waɗannan ƙarafa komai. Hasali ma, idan tsibin ya ruɓe ya ragu zuwa rabi, gubar tana nan yadda take, ta dai taru a cikin taki kaɗan. Da zarar ta shiga gona takan zauna a saman ƙasa shekaru masu yawa, kuma kayan lambu masu ganye su ne suka fi zuƙar kadmiyam, musamman inda ƙasa take da tsami. A Japan, ruwan wata mahaƙar ma'adinai ya kai kadmiyam gonakin shinkafa na bakin kogin Jinzu a lardin Toyama, mutane suka kamu da ciwon ƙashi da ƙoda da ake kira itai-itai, wanda gwamnati ta amince da musabbabinsa a 1968, aikin kwashe ƙasar da sauya ta kuwa ya ɗauki fiye da shekara 30. Don haka a bar bolar gari gaba ɗaya, haka nan lakar kwata ta kusa da garejin makanikai, da sharar masana'antar jima, da tokar katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara.

Akwai kuma magungunan ciyawa irin su picloram da aminopyralid, waɗanda dabba za ta ci a kiwo su fita a kashinta da ƙarfinsu, kuma ruɓewa ba ta kashe su da sauri. Kashin kare da na kyanwa da bayan gidan mutane ba aikin mai farawa ba ne. Saiwar kiri-kiri da tofa da aya-aya a shanya su har su bushe ƙayau kafin su shiga. Wuta-wutar da ta riga ta yi fure kuwa ƙonawa ake yi, domin gindi ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya masu iya kwana fiye da shekara 10 a ƙasa.

Mataki na biyu shi ne wuri da awo. A zaɓi inuwa, a kan ƙasa tsirara, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Da rani rami ya fi, mai zurfin kamar rabin mita, saboda iska ba ta busar da shi; da damina kuwa tsibi ake yi a tudu, don rami yakan cika da ruwa. Wannan tsari na jera kaya hawa-hawa a juya su lokaci-lokaci shi ne wanda masanin noma ɗan Birtaniya Albert Howard ya daidaita a Indore ta ƙasar Indiya a shekarun 1920, kuma har yanzu ba a sauya ginshiƙinsa ba. Kada faɗi da tsawo da tsayi su gaza mita ɗaya-ɗaya, don ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi, kada kuma tsayin ya wuce mita ɗaya da rabi, don nauyinsa zai danne iska. Masana suna neman kabon kashi 25 zuwa 30 ga kowane kashi 1 na naitirojin, wanda a aikace yake nufin kwando uku na busasshen kaya, wato kara da ƙaiƙayi da busasshen ganye, ga kwando ɗaya na kashin dabbobi ko ɗanyen ganye. A sassara karan kada ya wuce tsawon tafin hannu. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma duk wanda ya tsallake shi zai tarar da karansa a miƙe ranar kwasa. Ana shimfiɗa busasshen kaya kaurin santimita 20, a bi da kashi ko ɗanye santimita 5 zuwa 10, a yayyafa ƙasar gona kaɗan, a sake. Toka kaɗan ake sa wa, kuma a kan busasshen kaya, domin idan ta haɗu da ɗanyen kashi kai tsaye tana korar naitirojin ya tashi a iska.

Yanzu ga ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gina tsibin a bushe, sannan a ɗauko bokiti a kwarara a kansa. Busasshen kara da busasshen kashin shanu ba sa shan ruwa nan take. Ruwan yakan gangare ta gefe, ya jiƙa saman kaurin yatsu huɗu kawai, mai shi ya ga waje ya yi sharkaf ya tafi da murna, alhali tsakiyar tana nan ƙura. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kaya a cikin laima suke rayuwa, inda babu ita ba su da aikin yi, sai gara ta karɓi wurin. Abin da ya kamata shi ne a jiƙa busasshen kayan tun daren jiya, a ganga ko a wani ɗan rami, a farfasa kashin shanun a jiƙa shi ya yi laushi, sannan a yayyafa wa kowane hawa ruwa yayin da ake ginawa, ba bayan an gama ba.

Ana gane daidai da hannu. A cusa hannu cikin tsibin a damƙo cikin tafi ɗaya a matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu suka fito tsakanin yatsu, kuma da aka buɗe hannu kayan suka tsaya a dunƙule, laimar ta kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100 da ake so. Idan ruwa ya tsiyaya har gwiwar hannu ya yi yawa, sai a ƙara busasshen kaya a gauraya. Idan ya wargaje da buɗe hannu bai isa ba. Kada a tattake tsibin da ƙafa da sunan daidaita shi, kuma yana da kyau a kafa sanduna biyu ko uku tun farko, a zare su bayan an gama don su bar hanyar iska. A rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa. Ban yarda da rufewa da leda ruf ba, sai dai a yafa ta a sama lokacin ruwa mai yawa a bar gefe a buɗe. Ruwan kwata da na masana'anta da na rijiya mai gishiri duk ba su dace ba, don abin da aka hana shiga ta ƙofa zai shigo ta taga. A gaskiya ruwa shi ne tsadar wannan aiki, ba kayan ba, saboda haka wanda ruwa yake masa nisa ya gina tsibinsa a ƙarshen damina, lokacin da ɗanyen ganye yake ko'ina kuma ƙasa tana da sauran laima. Wanda kashin dabbobi ya yi wa ƙaranci yana iya narka ɗan yuriya a ruwan yayyafin, ko ya kwaso shimfiɗar turke da fitsarin dabbobi ya jiƙa.

Cikin kwana 2 zuwa 3 tsibin da aka gina daidai zai ɗauki zafi. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka rodi har tsakiya ya bar shi, ya riƙa zarowa yana taɓawa da safe. Ana son ya fito da zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, da ɗan gumi a jikinsa, wato tsakanin digiri 55 da 65. Rodi mai sanyi kuma busasshe yana nufin ƙarancin ruwa. Mai sanyi da jiƙa, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana nufin ruwa ya kori iska, sai a baje a gauraya da kara. Warin fitsari mai hawa kai alama ce ta kashi ya yi yawa kuma naitirojin yana gudu. Idan kuwa aka ga wani fari-fari kamar toka a cikin tsibi mai zafi, to ya bushe yana ƙonewa, a juya shi a ba shi ruwa nan take, domin sama da digiri 70 ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kayan su kansu mutuwa suke yi.

Ana juyawa ne idan zafi ya fara sauka, a mayar da na gefe tsakiya, na tsakiya gefe, a gyara laima da gwajin matsi. Ƙa'idar Amurka ga dogon tsibi ita ce kwana 15 a digiri 55 ko fiye, tare da juyi 5, kafin a ce ƙwayoyin cuta sun mutu. Ƙaramin manomi kada ya gaza juyi uku, kada kuma ɗoki ya sa shi juyawa kullum, don hakan sanyaya tsibin yake yi.

Bayan wata 2 zuwa 3 takin zai yi duhu, ya daina zafi ko an juya shi, ya koma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin a kai gona a shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya ƙasa da takin. Idan bayan mako 3 ganyen na cikin takin ya nannaɗe ya murɗe, akwai sauran maganin ciyawa. Idan ya ƙi tsirowa ko ya yi ɗorawa, takin bai nuna ba, a ƙara masa lokaci. Wanda ya ƙosa ya zuba ɗanyen kashi, ya bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Naitirojin da ke cikin wannan taki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, yuriya kuwa tana da 46, don haka ba ya maye gurbin takin zamani, sai dai ya sa ƙasa ta riƙe shi. Tan 5 a hekta yana nuna bambanci. Wanda bai da wannan yawan ya zuba cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka ya rufe da ƙasa, kada ya jibge shi tsibi-tsibi a gona rana ta yi ta dukansa har saukar damina. Gonar da aka ba taki shekara biyu ba ta amsa ba, a kai ƙasarta gwaji, domin idan ma'aunin tsaminta (pH) ya gaza 5.5, wato tsami ya yi yawa, alminiyam na cikin ƙasar ne ke ƙona saiwa, kuma farar ƙasa take buƙata kafin a ƙara mata wani taki.