Kafin ka sayar da ƙaramar kyamararka: kurakuran da sababbin masu ɗaukar hoto suka fi yi

Kwana biyu bayan Sallah ɗan yayata ya same ni a zaure, kyamara rataye a wuya, fuska a murtuke. Ya je kallon hawa a Ƙofar Soro, nan Katsina, ya ɗauko hotuna sun fi ɗari uku, amma da ƙyar ka tsinci goma na nunawa. Dawakai sun koma kamar hayaƙi, fuskokin mahaya baƙi ƙirin. "Kawu, kyamarar nan ce ba ta da ƙarfi," in ji shi. "Sayar da ita zan yi, in cika in sayi babba." Canon 2000D ce, da lensin da ake haɗo ta da shi, 18-55mm. Na karɓa na duba samanta, sai na ga maɓallin zaɓi yana kan koren harafin nan na oto, inda ya bar shi tun ranar da ya buɗe kwali.

Wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran. Da hoto ya ƙi kyau sai a ɗora wa kyamara laifi, a fara lissafin megafiksel. Ita 2000D da Nikon D3500, waɗanda duk suka fito a 2018, kowacce megafiksel 24 gare ta, wato hoto mai faɗin ɗigo 6000 da tsawon 4000. Ko tsohuwar Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18, hotonta ya isa a wanke shi babba a rataye a falo. Kuma ina hotunan namu suke ƙarewa? A WhatsApp da Instagram, inda ake matse su har su koma ɗan ƙaramin kaso na asalinsu. In kana son hotonka ya isa ga mai shi da ingancinsa, tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar tura hoto da aka saba ba.

Abu uku ne ke haɗuwa su yi hoto: saurin kiftawar kyamara, faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikin lensi, da ISO, wato yadda ake ƙara wa hoton haske daga cikin na'urar. Oto yana zaɓar maka ukun, amma bai san me ke gabanka ba. Bai san dokin nan yana sukuwar jahi ba, shi dai burinsa hoton kada ya yi duhu. Shi ya sa zai ba ka saurin kiftawa na 1/125 na daƙiƙa, alhali doki a guje yana buƙatar 1/1000 kafin ƙafafunsa su tsaya cak a hoto. Gyaran kuma ba wai ka yi tsalle zuwa M, inda kai ke saita komai da hannu, ba ne, kamar yadda wasu ke zuga yara cewa ƙwararre ba ya taɓa wani wuri sai M. Juya maɓallin zuwa Tv in Canon ce, ko S in Nikon ce, ka zaɓi saurin da kanka, ka bar mata sauran. In hoton mutum za ka ɗauka kana son bayansa ya yi dishi-dishi, koma Av ko A, ka buɗe ƙofar hasken iyakar buɗewarta, wato ka sauko da lambar f ƙasa.

Akwai kuma masu tsoron ISO kamar wuta. An ce musu in ya wuce 400 hoto zai yi yashi-yashi, sai su maƙale a 100 har magariba ta kawo jiki, hotuna su riƙa fitowa a girgize. Hoto mai ɗan yashi a ISO 1600 ana iya kallonsa, ana ma iya rage yashin a kwamfuta. Wanda ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Sai maganar fokas. 2000D ɗigon fokas 9 gare ta, D3500 kuma 11, kuma in ka bar musu zaɓi sukan kama abin da ya fi kusa, wanda a wurin hawa yawanci ƙeyar wani ɗan kallo ce ko sandar dogari. Zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, ka sa AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon, wato fokas mai bin abu mai motsi, ka ɗora ɗigon a kan mahayin, ka danna maɓallin ɗauka rabi kana bin sa. Hannu ba ya koyon wannan ranar Sallah, cikin turmutsutsu da ƙarar bindigogi. Katsina garin folo ne tun zamanin Sarki Dikko, don haka dawakai a guje ba su yi mana wuya ba. In ba ka samu doki ba, tsaya a bakin titi ka gwada da 'yan acaɓa da masu Keke Napep.

Yanzu ga wanda ya fi damun mu nan ƙasar, kuma ba kasafai ake bayaninsa ba: farin kaya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, zai ba da launin toka-toka. To ka tsaya gaban sahun dattawa a filin Idi, kowa da farar shadda da farin rawani. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta mai da shi toka, sai rigunan su fito kamar an wanke su da ruwan kwata, fuskokinmu kuma, da dama ba farare ba ne, su nutse cikin duhu. Abin da ya sami hotunan ɗan yayata ke nan. Akwai ɗan maɓalli mai alamar +/- a jikin kyamarar. Danna shi ka ƙara zuwa +0.7 ko +1, ka ɗauka, ka duba. Amma kada ka zarce, don in farin ya ƙone, aikin da ke wuyan babbar rigar ya tafi ke nan, kuma mai riga ba zai yafe maka ba, aikin nan ya biya kuɗinsa. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allon baya. In kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta matse ba, maimakon JPEG da aka saba, za ka sami sararin ɗago fuska daga baya ba tare da ka ƙona rigar ba, sai dai yana cin memori kuma dole ka zauna gyara.

Lokacin fita ma kuskure ne mai zaman kansa. Da tsakar rana a Katsina rana tana bisa ka, hula da rawani su jefa inuwa a kan idanu, mutum ya riƙa ƙanƙance ido. Babu kyamarar da za ta gyara wannan, ko ta miliyan nawa ce. Fita da sassafe kafin hantsi ya dubi ludayi, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da jar ƙasar gini ke ɗaukar launin zuma. In dole ne da rana, shigar da mutumin inuwa. Zaure ma situdiyo ne na kyauta: zaunar da shi taku biyu daga bakin ƙofa, hasken ya zo masa ta gefe, cikin zauren ya zama duhu a bayansa. Ka kuma hana ƙaramar filashar nan da ke ɗagowa da kanta. Haskenta bai fi mita biyu ko uku ba, don haka a wurin biki da daddare ba abin da take yi sai ƙyalla goshin na gaba ta bar na baya a duhu.

Duk wanda ya sayi kyamara a garin nan sai ya je Hasumiyar Gobarau, kuma kusan kowa hoto iri ɗaya yake dawowa da shi: ya tsaya a gindinta, ya ɗaga kyamara sama a 18mm, hasumiyar ta fito kamar za ta kife ta baya. Ja da baya iyakar inda wuri ya ba ka dama, ka zuƙo ta da zum, ka riƙe kyamarar a miƙe. In an sami wani mai wucewa ya shiga hoton, bar shi, shi zai nuna tsayinta.

Ƙura kuwa, ɗan hakin da ka raina ce. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana tace hasken rana ya ba ka hoto mai taushi, amma iskar da ta kawo shi ita ke cika maka kyamara da gari. Kuskuren shi ne sauya lensi a fili, baki a sama, ana hira. Ƙurar ta sauka a kan sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, daga nan duk hoton da ke da sararin sama sai ka ga ɗige-ɗige a wuri ɗaya. In kana son tabbatarwa, sa f/16 ko f/22 ka ɗauki farin bango, za su bayyana. Ka sauya lensi a cikin ɗaki ko mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. Sayi 'yar robar nan mai hura iska, da ƙyallen goge gilashi, kuma ka fara hurawa kafin ka goge. Ni da kaina na taɓa goge lensi da hannun riga a kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ashe da 'yan ƙwayoyin yashi a kai, har yau zanen yana nan. Kada ka hura da baki, yawu zai bi. Sensa kuwa in hurawa ba ta fitar ba, kai wa mai gyara, kada ka zura auduga.

Da damina matsalar ta juya. Lensin da aka kulle a jaka cikin laima yakan yi fumfuna a ciki, wani abu kamar yanar gizo-gizo, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, tara su ka zuba a robar da ke rufuwa ruf, ka ajiye kayanka ciki. Da bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, kada ka bar kyamara a motar da ke rana.

Wajen saye, ta hannu ba laifi ba ce, yawancinmu da ita muka fara. Laifin shi ne saye da ido kawai. Kowace kyamara tana ƙirga sau nawa ta kifta, kuma ƙananan nan akan kiyasta musu kusan 100,000. A Nikon adadin yana cikin bayanan da ke maƙale da hoton, a Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Haska fitilar waya ta cikin lensin ka duba fumfuna. Ga kuma tarkon da ya kama mutane da yawa: jerin Nikon D3000 zuwa D3500 ba su da injin juya fokas a jikinsu, don haka tsohon lensi 50mm f/1.8D, mai arahar nan, zai ɗauru amma ba zai yi fokas da kansa ba. Mai harafin G da AF-S za ka nema. Memori ma akwai jabu. Na taɓa sayen wani mai rubutun 64GB a hannun wani mai tebur, "Oga, orijinal ne wallahi," ya haɗiye mini rabin hotunan sunan 'yar ƙanwata. Sabon memori ka cika shi da fayiloli a gida, ka kwafe su ka ga ko duk suna buɗewa, sannan ka yi masa fomat a cikin kyamarar. Batir na biyu kuwa, da halin wutarmu, ya fi jaka mai kyau muhimmanci. An kiyasta wa 2000D hoto 500 a caji ɗaya, kuma yawan leƙa allon baya yana rage hakan sosai.

Wani kuskuren ba na na'ura ba ne. Sabon mai kyamara yakan ɗauka duk abin da ido ya gani nasa ne. Yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini, musamman ga mata da dattawa. "Baba, in ɗauke ka hoto?" ba ta cin minti ɗaya, kuma in ka nuna masa a allo, sau da yawa shi zai gyara zama ya ce ka sake, na biyun ya fi na farko. In an ce a'a, sauke kyamara. Almajirai da masu bara ba kayan ado ba ne da za ka tara yabo da su a Facebook. Shingen jami'an tsaro da bariki kuwa, ko da wasa kada ka nuna su da lensi.

To yaushe ne sauyin ya halatta? Na sa ɗan yayata ya buɗe hotunansa a kwamfuta, mu duba bayanan kowanne. Kusan duk na hawan a 55mm ya ɗauke su, ƙarshen zum ɗinsa, kuma duk da haka mahayan sun yi nisa. Wannan ne kaɗai wurin da kayan aikinsa suka gaza da gaske, kuma ba kyamarar ba ce, lensin ne. Mai irin wannan matsalar 55-250mm yake buƙata a Canon, ko 70-300mm a Nikon. Wanda kuma hotunansa na cikin ɗaki ne da na mutane, 50mm f/1.8 zai nema: lensin da ya zo da kyamara a 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6, shi kuwa wannan yana shigar da haske kusan ninki goma. Sai dai a kan ƙananan kyamarorin nan yana matsewa, ya yi kamar 80mm a Canon ko 75mm a Nikon, don haka a ɗakin amarya za ka jingina da bango ba ka ɗebi kowa ba. Nan 35mm f/1.8 na Nikon ko 24mm f/2.8 na Canon ya fi dacewa. Kuɗin lensi kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza, don lensunan Canon na EF da EF-S suna aiki a kan sababbin kyamarorinsu marasa madubi irin su R50 in an sa adafta.

Ita kanta kyamarar tana da iyaka, ban musa ba. 2000D hoto 3 take ɗauka a daƙiƙa, D3500 kuma 5, kuma fokas ɗinsu yana laluben hanya in wuri ya yi duhu. Ranar da ka saita komai daidai, hannunka ya bi doki daidai, amma ka rasa hoton saboda ɗayan biyun nan, kuma hakan ya maimaitu, ka fara tambayar farashi.

Yaron bai sayar ba. Ya samo 55-250mm na hannu, mun haska shi da fitila babu fumfuna, yanzu kullum bayan la'asar yana bakin titi yana bin 'yan acaɓa da ɗigon tsakiya. Ya ce Daura zai tafi Sallar Gani, kuma tun yanzu yana tambayata ta wane gefen fada rana ke faɗuwa.